Ƙofa ta Bakwai

An ce mu wuce ƙofa shida, mu ƙwanƙwasa ta bakwai.
Kada tausayi ya zaɓa muku, in ji Dakta Ticona,
ƙuri'a ce kaɗai ba ta da 'yar ɗaki.
Haka na wuce ƙofa ta huɗu,
inda wata ta leƙo da ido ɗaya a kumbure.
Ba ta faɗo cikin lissafi ba.
Na gaishe ta, na ci gaba da hawan dutse.

Can saman Andahuaylas, inda iska ba ta cika huhu,
Eulogia Ccorimanya na feraye dankali a bakin murhu.
Ta kore ɓerayen masar da ƙafa, ta ba ni buzun tunkiya.
Na ce binciken lafiyar mata ne.
Ban yi ƙarya ba. Ban kuma faɗi duka ba.

Shekarunki nawa? Haihuwa nawa? Nawa ke raye?
Shafi goma sha ɗaya muna kewaye,
yadda ake shan kunu mai zafi daga gefen kwano.

An hana mu cewa cin zarafi.
Kalmar riga ce da ta yi wa kowa yawa, ba mai yarda tata ce.
Sai mu bi aikin hannu ɗaya bayan ɗaya:
Ya taɓa marinki? Ya taɓa hankaɗe ki?
Ya shaƙe ki?
Cikin wata goma sha biyun nan, sau ɗaya ko sau da yawa?

Ta ce, daga ina wata goma sha biyu ke farawa?
Ni da tonon dankali nake gane shekara.
Sannan ta ce a'a.
A'a.
A'a, wuƙar ba ta ko tsaya ba.
Fortunato ba ya dukana, gyara ni yake yi in ya sha.
Na duba takardata sama da ƙasa,
babu gurbin da aka tanadar wa gyara.

Kare ya yi haushi, inuwa ta cika ƙofa.
Na juya zuwa shafin da aka ba mu don irin wannan:
Wata nawa kika shayar da na ƙarshe?
Ya tsaya a kaina yana warin tumaki da barasa.
Ya ce, rubuta musu muna son famfo.
Na rubuta. Hannuna bai yi rawa ba sai bayan fitarsa.

Daga ƙarshe na miƙa mata kati mai fuska biyu,
ɗaya na murmushi, ɗaya na hawaye. Ba suna, ba lamba.
Ta juya mini baya da fensir.
Ta liƙe ambulan da yawu.

Shekara ta zagayo, muna Lima, ɗaki mai sanyin inji.
Mata dubu biyu sun koma sanduna masu launi a jikin allo,
kashi kaza cikin ɗari, a ƙara uku ko a rage uku.
Wani mai taye ya ɗaga hannu:
Ina tabbacin ba su ƙara gishiri ba?

Na so in ce masa, ranka ya daɗe,
wadda za ta kwana ɗaki ɗaya da amsarta
rage gishiri take yi.
Ƙauyukan da Nélida ta zaga sun fi nawa yawan e,
ba don mazan can sun fi nauyin hannu ba.
Nélida ta fi ni iya yin shiru ta jira.
Waɗanda aka binne kuwa, ba ƙofar da za a ƙwanƙwasa musu.

Lambar nan guga ce, abin da ta ɗebo ruwa ne na gaske.
Ba ita ce rijiyar ba.

A kwamfuta, Eulogia a'a ce sau shida.
Ambulan ɗinta ya ɓace cikin 'yan'uwansa, kamar yadda muka yi alkawari,
ban san fuskar da ta zaɓa ba.
Na dai san ta daɗe da fensirin nan,
har dankalin da ke kan wuta ya fara ƙauri.